Farar Safar Hannun Ozell Pettaway

Kin shirya, Darlene? To rubuta, kuma yadda na faɗa, ban da gyara. Fasto ya ce duk wanda ya yi wa cocin nan hidima a sa tarihinsa cikin takardar bikin cikar cocin shekara ɗari. Na ce na ɗana ni zan faɗa, matarsa Darlene ta rubuta, tunda ni ban taɓa zama a aji ba. Ina yin wayo aka miƙa mini buhun tsintar auduga.

Ni ce Earline Pettaway, a coci Mama Earline. Ɗana Ozell, shi ne wannan ƙaton da ke tsaye a ƙofa ranar Lahadi da farar safar hannu. A nan Mississippi na haife shi, a gidanmu na bayan injin gurzar auduga. Ungozoma ta ɗaga shi ta ce, "Earline, wannan ai gobe sai makaranta." Yaro ne mai sanyin hali. In ya ga gizo-gizo a ɗaki, a tafin hannu yake kai shi waje. Kaza kuwa tsoronta yake ji har yau. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, abinci. Zan gasa burodin masara tire guda don mutum shida, in juya in ɗauko ganye, in waiwayo in tarar da tire da Ozell suna kallon juna.

Wata rana motar babansa, Allah ya ba shi hutawa, ta kafe a taɓo a bakin hanya. Ozell ya sa kafaɗa ya turo ta shi kaɗai. Ashe Koci Dabney, mai koyar da ƙwallo a makarantar garinmu, yana wucewa. Da yamma sai ga shi a baranda, hula a hannu.

Ya ce, "Mama Earline, ki ba ni yaron nan."

Na ce, "Za ka iya ciyar da shi?"

Ya ce, "Makaranta za ta ciyar."

Na ce, "Ɗauka."

Daga nan sai jami'a, daga jami'a wata babbar ƙungiya a can arewa ta ɗauke shi, garin da ƙanƙara ke rufe mota. Shekara tara yana musu wasa. Abin da ya fara damuna, ranar Lahadi suke yi. Na je wurin faston wancan lokacin na ce ɗana yana aiki ranar Ubangiji. Ya ce, "Mama Earline, ni ma ai ranar nake aiki." Kuma na lura tun da aka fara nuna Ozell a talabijin, wa'azin da ya saba kai mu har yunwa ta kama kowa ya koma ƙarewa kafin tsakar rana. Ruhu Mai Tsarki ya zama mai kiyaye lokaci.

Ni dai wasan nan, na ƙattai sanye da hular kwano suna karo da juna, ban taɓa gane shi ba. Ana ce masa ƙwallo, amma shekara taran nan ban ga ƙwallo a hannun ɗana ba. Na tambaye shi, ya ce, "Mama, ba aikina ba ne. Kin ga siririn yaron nan da ke jifa? In ya juya zai yi jifa, ba ya ganin hagunsa. Ni ne hagunsa. Duk wanda ya taho ta nan da gudu, in tare shi in tura."

Na ce, "Shi ke nan? Turi?"

Ya ce, "Shi ke nan, Mama."

To masu irin aikinsa ba a kiran su a lasifika. Sai wani lokaci alƙalin wasa ya jefa wani ƙyalle rawaya, ya fito tsakiyar fili shi kaɗai, ya ambaci lambar rigar Ozell duniya na ji. Ni kuwa in miƙe tsaye a falo in ce, "Halleluya! Ɗana ne!" In buga wa 'yan zumuntar mata waya ɗaya bayan ɗaya. Sai da aka yi shekara biyu Darlene ta ja ni gefe ta ce, "Mama, laifi ya yi, tara ake cin su." Na ce a cikin ƙattai ashirin da biyu, na wa aka kira? To. Har gobe ban ga abin jin kunya ba.

Da gwiwoyi suka ce sun gaji, ya dawo gida. Yatsunsa kowanne ya kama hanyarsa, babu biyun da ke nuna wuri ɗaya. Sai da matar fasto ta ɗinka masa safar hannu ta musamman, don ta kanti ba ta shiga. Ya shiga cikin masu safa, masu tarbar mutane a ƙofa, su zaunar da su, su zaga da tiren baiko, in Ruhu ya sauko wa mace ta tafi luu za ta faɗi su tare ta. Tun da Ozell ya sa safa babu macen da ta kai ƙasa a cocin nan. Har Sista Ola, wadda dā maza uku ke tarar ta, hannu ɗaya yake sa mata. Na ma lura akwai wasu zawarawa da Ruhu ba ya sauko musu sai Ozell na kusa. Kada ki rubuta suna, Darlene, kin san su.

Ciwon kai ne ya fara zuwa. Sai haske ya riƙa damunsa. Sai mantuwa. Ran nan Darlene ta buɗe firji ta tarar da takalminsa a ciki, madara kuma a bakin ƙofa. Muka yi dariya har da shi. Wata rana ya fita sayen burodi a garin da aka haife shi, ya kasa gane hanyar gida, ya zauna a mota gaban ofishin gidan waya har aka zo aka gaya mana. Wannan ba mu yi dariya ba. Mutumin da ba ya iya kashe gizo-gizo ya fara daka wa matarsa tsawa a kan cokali, bayan nan ya shiga ɗaki ya yi ta kuka.

Muka kai shi wurin likita a birni. Likita ya ce yana zaton yawan karo ne, kai da kai, tun yana yaro, hular kwanon ba ta hana abin ciki girgiza. Ya ce amma ba za a tabbatar ba sai bayan mutum ya mutu an buɗe kan an duba. Na ce, "To likita, sai ka jira, don yau ba mu zo da wannan shirin ba."

Daga Litinin zuwa Juma'a Ozell yana ɗaki, labule a sake, fitila a kashe. Amma ranar Asabar zai fito ya wanke safarsa da kansa, ya shanya, ya yi mata guga. Lahadi kafin kowa ya tashi ya sa baƙar kwat. A ƙofar coci zai yi murmushi, ya yi barkwanci, ya ci abinci da mutane. Ranar nan guda ita ce ta rage mana a cikinsa. In aka karɓe safar nan, na san ɗakin nan zai haɗiye shi gaba ɗaya.

Sai ga Lahadin nan da kowa ya sani, amma a rubuta, don ana ta ƙara mata gishiri. Ranar cin abincin coci ce, mata suna kicin ta bayan zauren sujada suna suyar tarwaɗa. Fasto Hairston, wanda muke da shi yanzu, ya sauko daga mimbari yana addu'a, ido a rufe, hannu a sama, ya juya wajen mawaƙa. Murya ta shaƙe masa, ya fara tari. Sai Dattijo Maddox, shugaban dattawan coci, ɗan guntun mutum mai son a ga shi ne ya fara, ya zabura da kofin ruwa da gudu. Ta hagun Fasto.

Ozell yana tsaye kusa da Fasto, tiren baiko a hannu. Na ga ya ajiye tiren a hankali. Na ga ya rusuna. Na ce, "Yesu."

Ya sa hannu biyu a ƙirjin Dattijo Maddox ya fara turi. Ƙafafun Dattijo suna ta tuƙa keke a iska. Suka wuce bagadi, suka wuce fiyano. Kowa na ihu, "Ozell! Ozell! Tsaya!" Ni ma ina yi. Ko gezau. Mai fiyano ta ga mutum biyu suna tafiya da sauri haka, ta zaci Ruhu ne ya sauko, ta kama kiɗa da ƙarfi. Mai ganga ya bi ta. Sista Ola ta miƙe ta tafi luu, babu mai tara, karo na farko cikin shekaru ta ji yadda daɓen cocinmu yake. Su kuwa suka bangaje ƙofar kicin suka shige, ba su tsaya ba sai da bayan Dattijo ya haɗu da firiza. Da Ozell ya sake shi, ya sauka zaune cikin babbar robar kwaɗon dankali. Kofin ruwan na hannunsa, ko rabi bai zube ba, wannan kam a ba shi.

Babu abin da ya karye a jikinsa, mun gode Ubangiji. Amma da yamma dattawa biyu suka zo gida, suna ta murza hula, suka ce a ba su safar sai an zauna. Ozell ya miƙa musu da kansa. Ya ce, "Fasto lafiya? Ba a taɓa shi ba ko?" Suka ce lafiya lau. Ya ce, "To madalla." Ya shiga ɗaki ya saki labule.

Asabar ta zo bai fito ba. Wata Asabar ma haka. Abinci sai a dawo da shi yadda aka kai. Ozell, ya dawo da abinci!

Na yi addu'a, na yi azumi, sai Ubangiji ya sa mini Koci Dabney a rai. Ya tsufa tukuf, yana zama a shagon aski kullum ko da yake babu gashi ko ɗaya a kansa. Na shiga na tsaya a kansa.

Na ce, "Dabney, lafiyayye na ba ka shi."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na sani, Mama Earline." Can ya ce, "An ce har firiza?"

Na ce, "Har firiza."

Ya ce, "Kafaɗa a ƙasa? Ƙafa na tafiya?" Mai aski ya ƙyalƙyale da dariya, na harare shi ya haɗiye.

Na ce, "Coci guda muna ihu ya tsaya, bai ji ba."

Ya ce, "Ina zai ji? Mutumin da ya yi wasa gaban dubban mutane suna ihu? Ni na koya masa toshe kunne. Tun yana ƙarami nake gaya musu, ko uwarka ce ta kira ka kada ka tsaya, sai ka ji usur."

Na ce, "Ko wa?"

Ya ce, "Misali ne, Mama Earline."

Ya sa hannu cikin riga ya ciro usur ɗinsa, tsohon ƙarfe da igiya, ashe har yau a wuya yake yawo da shi. Na sa aka tafasa mini shi da ruwan zafi kafin ya kusanci bakina.

Ranar Laraba bayan addu'ar yamma dattawa suka zauna a kan maganar. Mata ba sa shiga zamansu. Na shiga. Na zo da Ozell na zaunar da shi a bencin baya, na ajiye usur a kan tebur, na faɗi abin da Dabney ya ce.

Dattijo Maddox ya ce, "Usur? A ɗakin Ubangiji? Mama Earline, nan coci ne ko fili?"

Na ce, "Ganga fa? Da ita aka haife mu? Ina nan aka kawo ta, kai ne ka ce ta shaiɗan ce, yanzu jikanka ke kaɗawa."

Wani ya ce in ya ture tsohuwa fa? Wani ya ce kamfanin inshora ba zai yarda ba. Wani ya ce Ozell ya yi shekaru yana tarar matansu, yanzu don ya tari Maddox sau ɗaya sai a kore shi? Maddox ya ce, "Tara? Tara ka kira wannan? Wandona har yau warin albasa yake!" Murya ta hau murya, ana nuna juna da yatsa, Fasto yana ta "'Yan'uwa, 'yan'uwa," babu mai jin sa. Na ɗauki abin nan na hura iya ƙarfina.

Darlene, ba ki ga abin da na gani ba. Tsit. Dattawa bakwai da fasto guda, kowa ya daskare yadda yake, wani da yatsa a sama, wani baki a buɗe. Ɗaya har ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ba ni ba ne, Koci." Ashe babu ko ɗaya a cikinsu da bai bi ta hannun Dabney ba. Fasto kansa ya yi shekara uku yana zaman benci a ƙungiyar makaranta.

Fasto ya gyara murya ya ce, "To, a kanmu dai yana aiki."

Maddox ya ce shi sai ya gani a kan Ozell. Fasto ya ce gaskiya ne, kuma tunda shi ke da shakka, shi ya fi dacewa ya gwada. Maddox ya duba hagu ya duba dama, babu wanda ya ce zai karɓe shi. Aka ba shi kofi. Fasto ya tsaya gaban bagadi ya rufe ido, ya ɗaga hannu, ina ganin leɓensa na rawa, ban sani ba addu'a ce ko dariya. Na kira Ozell na ce ya tsaya kusa da Fasto. Maddox ya cire tabarau ya ba wani ajiya, ya ce, "Mama Earline, da wuri fa." Ya taho.

Ozell ya rusuna, ya cafe shi, suka kama hanya.

To ni tsohuwa ce, numfashina ba kamar dā ba, ga haƙoran roba. Sai da suka kai fiyano na samu na hura. Kada ki dube ni haka. Rubuta numfashi.

Ina hurawa Ozell ya tsaya cak. Ya sauke Dattijo a kan ƙafafunsa a hankali kamar ƙwai, ya gyara masa kwat, ya ɗaga hannu ya ɗaɗa masa duka a ɗuwawu, fau, yadda suke yi wa juna a fili. Ya ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗan'uwa. Ka riƙa sauke kafaɗa."

Fasto ya zauna a matakalar bagadi yana share hawaye da hankici. Sauran dattawa ma suna ta dariya.

Maddox ne bai yi dariya ba. Ya karɓi tabarau ya sa, ya daɗe yana kallon Ozell, Ozell kuma yana tsaye yana jiran a gaya masa abin da zai yi. Sannan ya juyo gare ni. Ya ce, "Mama Earline, ba rashin kunya ba, kin haura tamanin. Ran da kike kwance da mura fa? Ran da Ubangiji ya kira ki fa? Wa zai hura?"

Na zo da shirin faɗa, ban zo da shirin wannan ba. Darlene ba za ta iya ba, ranar Lahadi tana cikin mawaƙa, bakinta ba ya zama banza. Na tsaya riƙe da igiyar nan ina jujjuya ta.

Sai Maddox ya ce, "A sayo na biyu a ba ni. Tunda ni yake nema, gara abin yana wuyana." Ya ce kuma sharaɗi, Ozell ya tsaya a ƙofar baya, ban da zaga baiko, kuma duk mai kai wa Fasto ruwa ya bi ta dama, yana tafiya kamar mai hankali. Aka ɗaga hannu, babu wanda ya ƙi. Maddox ya buɗe durowar tebur ya ɗauko safar, ya kai wa Ozell da kansa, ko da yake ta gaba ya je masa, a hankali, yana sallama tun daga nesa.

Yanzu Maddox ne ke zuwa ɗaukarsa duk Lahadi da safe, don mun karɓe makullin mota. Suna tafe suna gardama a kan wasannin da aka yi tun kafin a haifi rabin cocin nan, waɗannan Ozell bai manta ko ɗaya ba. Sau biyu kacal aka hura usur a cikin sujada tun daga lokacin. Ɗaya wani baƙon mai wa'azi ne da ya taho rungumar Fasto da gudu, ba a gaya masa ba. Ɗayan kuma Maddox ne ya yi atishawa da abin a baki.

Ciwon bai tafi ba, kada a rubuta kamar ya tafi. Yana ƙaruwa. Lahadin da ta wuce na iso ƙofa da farar rigata da hula, ya dube ni da murmushin nan nasa na baƙi, ya ce, "Barka da zuwa, Uwa. Yau kika fara zuwa wurinmu?"

Na ce, "Yau ne, ɗana."

Ya ce, "To kin zo gida. Kama nan." Ya miƙo mini gwiwar hannu, ya taka da ni a hankali ta hanyar tsakiya, ya wuce benci-bencin baƙi duka, ya kai ni layin gaba, gefen taga, inda nake zama tun yana goye. Wata yarinya ta ajiye jaka a wurin, ya ce mata, "Ɗauke, akwai mai wurin." Ya jira sai da na zauna, sannan ya koma ƙofarsa.

Sa aya a nan. Ki tashi ki duba tukunyar nan, na ji kamar wake ya fara kamawa, kuma yau Asabar, kada ya tarar da kwanonki a wurin da yake wanke safa.